Washin Wuƙa da Hannu a Maƙerun Kano

Tarihi ya danganta asalin Kano da Abagayawa, maƙeran da suka zo neman tama a Dutsen Dala. Amma a bincikena na lura masu rubutu sun fi kula da wuta da zugazugi, suna barin aikin ƙarshe, wato gyaran ruwan wuƙa.

Idan an gama ƙira, maƙeri yakan bi ƙarfen da magagari ya share sawun masaba. Sa'an nan a koma kan dutse mai kaushi ana yayyafa ruwa, daga bisani mai santsi, har zanen farko ya ɓace. Nan ake gane haƙurin yaron maƙeri.

Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, tarkacen ƙarfen Turawa ya ture narkar tama, amma washin hannu ya ci gaba. Injin washi ne ya raunana shi. Inji yana da sauri, sai dai in bakin wuƙa ya ɗau zafi har ya sauya launi, ƙarfen ya saki, kaifinsa ba ya daɗewa.

Ina roƙon malamai su kai ɗalibai maƙera su ga aikin, tun dattawan da suka iya shi suna raye.