Ɗan da Littafi Bai Ambata Ba

Ran 6 ga Afrilu, 1909, mutum shida suka tsaya bisa ƙanƙara a can ƙuryar arewa, suka ce sun kai ƙarshen duniya. Shugabansu Robat Piri ne, hafsan sojan ruwan Amurka. Huɗu daga cikinsu 'yan ƙabilar Inuwit ne na tsibirin Girinlan, na shida kuwa wani baƙar fata ne mai suna Matiyu Henson. Har yanzu masana suna gardama ko sun kai daidai wurin. Amma akwai wata tambaya da aka daɗe ba a yi ba: wa suka bari a baya?

An haifi Henson a jihar Merilan a 1866. Ya yi shekara fiye da 20 yana bin Piri. Ya iya harshen Inuwit, ya kuma ƙware da korar karnukan da ke jan kaya bisa ƙanƙara. Da suka komo gida aka yi ta ɗaukaka Piri, shi kuwa Henson ya ƙare da aikin akawu a ofishin kwastan na Niyok. A 1912 ya rubuta littafin tafiyarsa, amma bai faɗi cewa yana da ɗa a Girinlan ba. Ya rasu a 1955.

Wanda ya bi diddigin zancen shi ne Allen Counter, malami a Jami'ar Habad, shi ma baƙar fata. Ya ji ƙishin-ƙishin cewa akwai waɗansu Inuwit masu duhun fata a arewacin Girinlan. Takardu ba su gamsar da shi ba, sai ya tashi takanas a 1986 ya je ya tambayi mutanen wurin. Ashe zancen sananne ne a bakinsu. Suka kai shi wurin wani tsoho ɗan shekara 80, mai suna Anaukak, ɗan Henson. Ya kuma sadu da Kali, ɗan Piri, wanda shi ma an haife shi a 1906. Dukansu biyu maharba ne, da 'ya'ya da jikoki.

A 1987 Counter ya kawo tsofaffin nan Amurka. Suka ga dangin iyayensu, suka ziyarci kaburburansu. Anaukak ya koma gida, ya rasu a cikin shekarar. Ran 6 ga Afrilu, 1988, aka mai da gawar Henson maƙabartar sojoji ta Alintan, kusa da Piri, zuriyarsa ta Girinlan suna tsaye a wurin.

Mai neman tarihin mutum, to, kada ya tsaya ga abin da mutumin ya rubuta da hannunsa, gama kowa yakan zaɓi abin da zai faɗa. Da Counter ya yi jinkirin shekara biyu, da bai tarar da Anaukak da rai ba.