Daga Marina Zuwa Ɗakin Zane: Tarihin Ka'idar Maƙwabtakar Launuka

Gabatarwa

Galibin masu koyar da ilmin zane sukan fara tarihin nazarin launi da Isaac Newton na Ingila, wanda a 1666 ya ratsa hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku, ya ga ya rarrabu kamar bakan gizo, ya kuma bayyana launuka 7 a littafinsa na 1704. Wannan aiki ya warware asalin launi a cikin haske, amma bai amsa tambayar mai sana'a ba, wato me ya sa launi guda yake sauya kama idan aka sauya masa maƙwabci? Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu nuna cewa a marina aka samo amsar.

Ƙorafin masaƙa

A 1824 aka naɗa Michel Eugène Chevreul, masanin ilmin sinadarai, shugaban sashen rini na masaƙar Gobelins da ke birnin Faris, inda ake saƙa manyan dardumomin bango masu zane. Ya tarar ana ƙorafi cewa baƙin zaren ulu da ake rinawa ba shi da ƙarfi, musamman idan aka saƙa shi kusa da shuɗi ko shunayya. Da ya gwada zaren da na sauran marinai, sai ya ga rinin ba shi da aibu ko kaɗan. Ashe matsalar tana cikin idon mai kallo.

Abin da ya gano shi ne, kowane launi yana da kishiya: ja da kore, shuɗi da ruwan lemo, rawaya da shunayya. Bahaushe ya ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, to amma launi kishiyarsa yake jefa wa maƙwabcinsa, maimakon kamarsa. Saboda haka baƙin da ke gefen shuɗi sai ido ya ga ya ɗauki ɗan ruwan lemo, ya zama kamar ya koɗe. Idan kuwa kishiyoyi biyu suka zauna kusa da juna, kowannensu ƙara fitowa yake yi. Chevreul ya gabatar da wannan bayani a 1828, ya buga cikakken littafi a kansa a 1839, ya kuma tsara da'irar launuka mai kashi 72.

Tasirinsa ga masu zane

Charles Blanc ya sauƙaƙa ka'idar ga masu zane a littafinsa na 1867. Georges Seurat na cikin waɗanda suka karanta shi, kuma a babban zanensa na tsibirin Grande Jatte, wanda ya yi tsakanin 1884 da 1886, ya jera ƙananan ɗigo na launuka daban-daban dab da juna, ya bar wa ido aikin haɗa su.

Kammalawa

Bisa ga wannan tarihi, muna ganin kuskure ne a koya wa ɗalibi da'irar launuka a matsayin abin hadda kawai. Tambayar da ta haifi ka'idar ita ce wadda maɗinkin babbar riga yake fuskanta sa'ad da yake zaɓen zaren da zai yi aska takwas a kan shuɗin yadi. Ya kamata darasi ya fara da ɗora ƙyalle guda a kan yadi iri-iri, ɗalibi ya gani da idonsa, sa'an nan a gaya masa sunan abin da ya gani.