Filin Golf Na Musselburgh: Inda Talaka Ke Buga Wasan Da Ake Cewa Na Manya Ne

Idan aka ambaci wasan golf a ƙasar nan, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne wurare irin su Ikoyi Club da ke Legas: shinge, mai gadi a ƙofa, da kuɗin rajistar da sai wane da wane. Shi ya sa da yawanmu suka ɗauka tun asali wasan attajirai ne. Tarihi bai nuna haka ba, kuma shaidar tana wani ƙaramin gari mai suna Musselburgh a ƙasar Sikotland, kimanin kilomita 10 gabas da birnin Edinbara.

Filin garin yana bakin teku, kan ƙasa mai yashi da ba ta da amfanin noma. Filin jama'a ne, ba na sarki ko wani mai kuɗi ba. Shaida mafi tsufa da ke rubuce ita ce ta 1672, inda wani lauya mai suna John Foulis ya rubuta a littafin kashe kuɗinsa abin da ya yi asara a wasan golf a Musselburgh. Tun daga lokacin ba a daina wasa a wurin ba.

Su waye ke bugawa? A farkon 1811 aka shirya wa matan masunta, masu tallan kifi a garin, gasar golf, wadda ake lissafawa cikin gasannin mata na farko a duniya. Babbar kyautar kuwa kwandon ɗaukar kifi ce. A 1816 aka kewaye filin da hanyar sukuwar dawaki, kuma har yau a tsakiyarta ake wasan. Ramuka bakwai ne da farko, aka ƙara na takwas a 1838, na tara a 1870.

Wannan ɗan fili ne ya karɓi baƙuncin gasar Open, mafi daɗewa cikin manyan gasannin golf, har sau shida tsakanin 1874 da 1889. Wanda ya ci ta farko a nan sunansa Mungo Park, amma ba Baturen nan mai bin Kogin Kwara da ya mutu a Busa ba ne, suna ne kawai ya zo ɗaya. Wannan tsohon ma'aikacin jirgin ruwa ne, ƙanen Willie Park wanda ya ci gasar farko a 1860. Bob Ferguson ya fara ne da dakon sandunan masu wasa tun yana yaro, sai ga shi ya ci gasar sau uku a jere, 1880 zuwa 1882. Da ciwo ya kwantar da shi daga baya, aikin kula da filin aka ba shi. David Brown, zakaran 1886, sana'arsa rufin ɗaki.

Akwai abin da duk mai golf a duniya ya gada daga nan ko da bai sani ba. A 1829 'yan wasan Musselburgh suka sayi ƙarfen haƙa rami mai faɗin inci huɗu da kwata. A farkon shekarun 1890 hukumar wasan da ke St Andrews ta mayar da wannan awo doka. Ramin da ake bi a Legas, Jos ko Kaduna, awon wancan ƙarfe ne.

To me ya hana filin zama na manya zalla? Cunkoso. Ƙungiyoyi huɗu ne suke raba ramuka tara da mutanen gari, kuma ba mai ikon korar wani. Da abin ya ishi attajiran Edinbara, sai ƙungiyarsu ta tattara ta koma Muirfield a 1891, inda ta kafa nata filin na 'yan ƙungiya kaɗai, gasar Open ta bi ta can a 1892. Sauran ƙungiyoyin ma suka watse ɗaya bayan ɗaya. Garin ya rasa suna da ciniki, amma fili ya zauna a hannun masu shi.

Yau ƙaramar hukumar yankin ce ke riƙe da shi, kuma kowa na iya biya ya shiga, ba sai ɗan ƙungiya ba. A tsohon filin St Andrews zagaye ɗaya a lokacin zafi ya haura fam 300. A Musselburgh abin da za ka biya bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. Za ka iya hayar sanduna masu ƙotar itace irin na mutanen da. Sai ka tsallaka hanyar dawaki, ka buga ƙwallon farko, ka bi ta a ƙafa. Iskar teku ce babbar abokiyar gaba, sai ramukan yashi masu zurfi. Rami na huɗu ya fi shahara, yana ɗauke da sunan Mrs Forman, mai wani gidan sha da yake jikinsa a da, inda ake miƙo wa 'yan wasa abin sha ta taga. Cikin awa biyu ka gama ramuka tara.

Abin lura shi ne, ba kyan ciyawa ne ya raya wurin nan sama da shekara 350 ba. Filin bai taɓa zama na mutum ɗaya ba balle ya yanka shi fuloti-fuloti ya sayar. Ɗan dako ya zama zakara ne saboda akwai inda zai taka ba tare da an tambaye shi ɗan waye ba. Duk unguwar da ke da sauran filin wasan yara, ta san abin da take riƙe da shi.

Allah ya sa mu amfana.

Sakatare