Motocin tsere masu telekoman: kayan da suka dace da rairayin Gidigir

Kowace sallah, ƴan tireda na baza motocin wasan yara masu telekoman, wato rimot, a kasuwar Dole ta Damagaram da kasuwannin da ke kan babbar hanya mai lamba 1 har zuwa Gidigir da Gure. Da yawa daga cikin motocin ba sa kai sati biyu: ko haƙoran giya su cinye, ko moter ya ƙone, ko batir ya kumbura. Galibi an ƙera su ne don su yi gudu a kan siminti ko tayil na cikin ɗaki, ga shi kuwa ƙasar Gidigir tuddan rairayi ce da kwaruruka masu kanwa. Mai son motar da za ta jure, ko matashin da ya girmi motar kara da ta waya yana son haɗa tasa mai inji, sai ya san kayan da ke cikinta tun kafin ya fitar da kuɗinsa.

Motar wasa da motar tsere

Iri biyu ne a duniya. Ta farko motar wasa ce: duk kayan lantarkinta a kan faranti ɗaya suke, sitiyarinta hagu ne ko dama ba tsaka-tsaki, kuma ba a sayar da kayan gyaranta. Ta biyu ita ce ta tsere, wadda kowane sashe nata ake iya kwancewa a sauya, kuma gwargwadon yadda aka matsa kunamar telekoman, gwargwadon gudunta. Irin wannan ta bazu ne bayan da kamfanin Tamiya na Japan ya fitar da ƙaramar Porsche 934 a 1976. A 1979 aka kafa ƙungiyar IFMAR, wadda ke shirya gasar duniya ta wannan wasa.

Ana auna girman motocin da kason babbar mota. Mai lamba 1/10 kashi ɗaya ce cikin goma, ke nan motar da tsawonta ya kai mita 4,5 za ta dawo santimita 45. Masu 1/18 da 1/24 suna nutsewa cikin rairayi saboda ƙanƙantar taya. Daga 1/14 zuwa 1/10 ne suka fi dacewa da wannan yanki, kuma kayan 1/10 sun fi sauƙin samu. Akwai masu injin mai da ake kira nitro, sai dai man nasu haɗin metanol ne da nitrometan, ba a sayar da shi a gidan mai, kuma ƙura kaɗan ta isa ta kashe injin. Mai batir ta fi sauƙin riƙo.

Telekoman da zangon rediyo

Tsofaffin motocin wasa suna aiki a kan zangon megahaz 27 ko 40 ko 49. In motoci biyu masu zango ɗaya suka haɗu a fili, telekoman ɗaya sai ta riƙa juya su duka, don haka ba a iya tsere da su. Tun tsakiyar shekarun 2000 aka koma gigahaz 2,4, inda kowace telekoman ke ƙulla alaƙa da motarta kaɗai, motoci goma su yi gudu tare babu mai shiga layin wata. Ana rubuta lambar a jikin kwali, kuma gajeriyar eriya alama ce ta sabon tsarin. A lura cewa telekoman da na'urar karɓar saƙo da ke cikin mota dole su zama na kamfani ɗaya ko tsari ɗaya. Kasancewarsu duka 2,4 bai sa su jitu ba. Shi ya sa ake sayensu tare.

Moter da na'urar sarrafa gudu

Moter iri biyu ne. Mai gawayi, mai waya biyu, ya fi araha kuma duk mai gyaran fanka ya san cikinsa, amma gawayin na cinyewa, ƙura na gaggauta cinyewar. Lambobin 380 da 390 na ƙananan motoci ne, 540 da 550 na masu 1/10. Marar gawayi, mai waya uku, ya fi gudu, ya fi daɗewa, jikinsa kuma galibi a rufe yake. Ana rubuta masa lambar KV, wato yawan juyin da yake yi a minti ɗaya kan kowane bolt in babu kaya a kansa. Mai KV 3000 a kan batir mai bolt 7,4 zai yi juyi wajen 22.000 a minti. Babbar lamba na nufin gudu da zafi. A rairayi mai zurfi, ƙaramar lamba ta fi, domin abin da ake bukata shi ne ƙarfin ja.

Tsakanin batir da moter akwai na'urar sarrafa gudu da ake kira ESC. Ta moter mai gawayi ba ta tuƙa marar gawayi, sai in an rubuta cewa tana yin duka biyun. A duba ampe nawa take ɗauka da bolt nawa take jurewa, a zaɓi wadda ta zarce bukatar moter. A duba kuma ko tana yanke wuta da kanta in batir ya yi ƙasa, domin wannan ne ke kare batirin litiyom.

Giya, rulma da taya

Ƙaramar giyar da ke bakin moter, wadda makanikai ke kira pinyo, ita ke juya babbar. In ƙaramar na da haƙora 20, babbar 80, moter zai yi juyi huɗu kafin babbar ta yi ɗaya. Rage haƙoran pinyo na rage gudu, ya ƙara ƙarfi, ya rage zafin moter. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa, rage haƙori biyu ko uku na iya tsirar da moter. Gwajin mai sauƙi ne: bayan minti biyar ana gudu, in yatsa bai iya daɗewa a jikin moter ba, ya yi zafi da yawa. Girman haƙoran giyoyin biyu dole ya zama ɗaya, kuma dole akwatin giya ya kasance a rufe. Kada a shafa giris a giyar da ke waje, domin giris da rairayi in sun haɗu suna cin haƙora kamar sandar fefa.

Rulma, wadda a Kano ake kira boris, a zaɓi mai murfin roba. Mai murfin ƙarfe na barin ƙura ta shiga. Na'urar da ke juya sitiyari, wato sarbo, gara mai haƙoran ƙarfe, domin na roba kan kakkarye da zarar taya ta daki dutse ko kututturen goriba. Taya kuwa, mai faɗi da manyan ƙuraje ce ke hawa rairayi, akwai ma mai kama da cebur da aka yi musamman don tuddai. Mota mai jan ƙafa huɗu ta fi mai biyu fita daga rami. Kafin sayen taya a auna kan goro mai kusurwa shida da take zama a kai: milimita 12 ne a yawancin masu 1/10, milimita 17 a masu 1/8. Ƙananan hujojin da ke jikin wili a liƙe su da salatif, in ba haka ba rairayi zai cika cikin taya ta riƙa rawa. Bayan kowane wasa a cire ciyawa da ƙarangiyar da suka naɗe a gindin taya. In an yi gudu a kwari mai kanwa, a goge motar nan take, domin kanwa na cin sanholo.

Batir

Nan ne haɗarin yake. Batirin NiMH bolt 1,2 ne kowane ƙwaya, shida su ba da 7,2. Yana da nauyi, amma yana da haƙuri, shi ya fi dacewa da yara. Batirin LiPo bolt 3,7 ne kowane ƙwaya, 4,2 in ya cika. Mai alamar 2S ƙwaya biyu ne, bolt 7,4. Mai 3S uku ne, bolt 11,1. Sa 3S a motar da aka yi don 2S na ƙone ESC. Lambar mAh na nuna yawan cajin da yake riƙewa, lambar C kuma yawan wutar da yake iya saki: mai mAh 2000 da C 25 na ba da har ampe 50.

LiPo na kama wuta in an huda shi, ko an wuce da cajinsa, ko an bar shi cikin rana, kuma wutarsa na da wuyar kashewa. A gidan da ke da rufin zana ko rumbu kusa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ana yi masa caji ne da cajarsa ta musamman mai daidaita ƙwayoyi, a ampe daidai da girmansa, wato ampe 2 ga mai mAh 2000. A ajiye shi a ƙasa ko cikin tukunyar ƙasa, nesa da katifa, da babba a kusa, da bokitin rairayi a gefe. Kada a bar ƙwaya ta sauka ƙasa da bolt 3, kuma in za a daɗe ba a yi wasa ba a ajiye shi a wajen 3,8. Wanda ya kumbura ya gama aiki; kada a matsa shi, kada a jefa shi a juji inda ake cinna wuta. Inda kuran ɗin NIGELEC ba ya tsayawa, a nemi cajar da ke karɓar bolt 12, wadda za a iya jonawa da batirin sola na gida.

Masu haɗa mota da kansu kan yi amfani da ƙwayoyin 18650 da ake cirowa daga tsofaffin kwamfutoci da fitilun caji. Sunan ya fito ne daga girmansu, milimita 18 a kauri, 65 a tsawo. Na gaske ba su cika wuce mAh 3500 ba, nauyinsu wajen giram 45. Wanda aka rubuta wa 9900 kuma ba shi da nauyi a hannu, jabu ne. Na kwamfuta sun ishi ƙaramin moter mai gawayi, amma ba za su iya da marar gawayi ba. Dole a haɗa su da ɗan farantin kariya da ake kira BMS.

Wajen saye

Kayan gyara na ainihi ba su cika zuwa kasuwannin ƙauye ba. Ana neman su a Damagaram, ko a yi saƙo ga masu zuwa Kano, inda kasuwar Sabon Gari ke da layukan kayan lantarki, Farm Centre kuma ke da kayan masu gyaran salula kamar dalma da waya da ƙananan faranta. Wasu na yin oda daga Sin ta intanet. Ko ta ina ne, a rubuta sunan motar da lambarta, a tura hoton abin da ya lalace tare da awonsa, domin kayan kan yi kama a ido su bambanta da milimita ɗaya. Bakin jonin batir ma iri-iri ne, akwai Tamiya da Deans da XT60, kuma juya jar waya da baƙa sau ɗaya ya isa ya ƙone ESC. Mai hankali kan sayi babbar giya da hannun taya na gaba a ajiye tun ranar sayen motar, su ne ke fara karyewa. Araha ba ta ado: motar da ba ta da kayan gyara a kasuwa, ranar da ta tsaya ta tsaya ke nan.

Filin tsere kuma a neme shi a fako ko filin ƙwallo, nesa da kwaltar da manyan motoci ke bi zuwa Difa, da nesa da dabbobi ranar kasuwa.