Garuruwan da Dajin Rugu Ya Haɗiye

Duk wanda ya tashi a Batsari ko Safana ya san cewa yamma da mu daji ne. Dajin Rugu ya taso daga wajen Jibiya, ya bi ta bayan Ruma da Wagini da Runka, ya gangara ƙasar Ɗanmusa, sannan ya tsallaka Zamfara ta wajen Zurmi. Yaran da aka haifa cikin shekaru goma sha biyar ɗin nan ba su san shi da komai ba sai maɓoyar ɓarayi, har suna zaton haka Allah ya halicce shi. Tarihi kuwa ya nuna cewa akwai lokacin da garuruwa ne a wurin, da gonaki da rijiyoyi da kasuwanni. Yaƙi ne ya kore mutane, itatuwa suka gaje su.

Bayan jihadi, wajen 1807, Katsina ta koma hannun Malam Ummarun Dallaje. Sarakunan da aka kora suka nausa arewa, daga baya suka kafa Maraɗi, kuma ba su taɓa cire rai da komawa gida ba. Ƙasar Ruma ta faɗo a tsakani, ga Katsina ta gabas, ga Maraɗi da Gobirawa ta arewa, ga Zamfara ta yamma. Wajen 1843, a zamanin Sarkin Katsina Siddiku, garuruwan wannan yanki suka yi bore tare da goyon bayan Ɗan Mari na Maraɗi. Siddiku ya murƙushe boren da hannu mai nauyi, aka rushe garuruwa, waɗanda suka tsira suka watse. Shi kansa bai daɗe ba, domin a 1844 Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya sauke shi, aka naɗa ɗan'uwansa Muhammadu Bello. Amma aikin gama ya gama. Gonar da aka bari shekara biyar ta zama saura, wadda aka bari shekara ashirin ta zama ƙungurmi.

Shekara goma bayan haka, wani matafiyi Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim a ƙasar Hausa, ya bi ta nan. Ya bar Katsina a watan Maris na 1853 cikin ayarin Galadiman Sakkwato, suka bi ta Kuraye da Kurfi, suka sauka a Zakka, garin da yake cikin ƙaramar hukumar Safana a yau. Abin da ya gani shi ne garuruwa masu ganuwa da ramuka, cike da mutanen da suka gudo daga wasu wurare, kowane gari kamar tsibiri a tsakiyar ruwa. Daga Zakka sai daji. Ayarin ya ratsa shi cikin fargabar rundunar Gobirawa, ba tsayawa, ana wuce kufai, har suka kai Bunka da Zurmi. Galadima guda da dakarunsa ke nan, ina ga falke mai jakuna biyu?

Duk da haka hanyar ba ta mutu ba. Fatake suna taruwa a zango har sai ayari ya yi ƙarfi, madugu ya nemi labarin hanya wurin mafarauta, sannan a tashi. Ruma, da ke cikin duwatsu, ta zama garkuwar Katsina ta yamma, kuma a ƙarshen ƙarni na 19 sunan Ɗan Waire, shahararren mayaƙin nan, ya haɗu da nata. Shi ya sa har yau hakimin da ke zaune a Batsari Sarkin Ruma ake kiransa, kamar yadda na Safana yake Yariman Katsina.

Da Turawan Ingila suka shigo Katsina a 1903, aka ja iyaka, Maraɗi ta faɗa hannun Faransa, hare-haren suka tsaya. Mutane suka fito daga bayan ganuwa suka sari daji. Ƙauyuka suka tsiro, Fulani suka sauka da shanunsu, aka shata burtali da mashaya. Gwamnati ta keɓe wani sashe a matsayin gandun daji, kuma a shekarun 1960 aka mai da yankin Ruma da Kukar Jangarai makiyaya ta musamman, aka haƙa madatsun ruwa a wajen Runka domin dabbobi. Dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 ta ƙarfafa wannan tsari.

Wannan shi ne zamanin da iyayenmu suke ba mu labari. Bayan girbi manomi yakan roƙi Bafulatani ya sauka a gonarsa, shanu su ci kara su bar taki, a sallame shi da damin gero. Da rani a buga gangar farauta, samarin garuruwa su shiga daji da karnuka, su kwana biyu ko uku. Masu zuma da masu sassaƙa turmi da masu saiwar magani duk a can suke ci. Ranar Alhamis kasuwar Batsari ta cika, ga rogon da garin ya yi suna da shi, ga dankali, ga matan Fulani da ƙoren nono, ga baƙi daga Jibiya da Maraɗi da Zurmi. Baƙon da dare ya yi masa, zauren mai unguwa ne masaukinsa, ba a tambayarsa ko shi wane ne sai ya ci tuwo.

Yadda wannan zama ya lalace kowa ya gani. Jama'a ta ƙaru, aka nome burtali, madatsun suka cike da yashi, satar shanu ta yawaita, makamai suka shigo, ramuwar gayya ta bi ramuwar gayya. A watan Mayun 2019 aka kashe manoma a 'Yargamji, a watan Fabrairun 2020 aka ƙone Tsauwa da Dankar. Gwamna Aminu Bello Masari ya yi sulhu a 2019, bai ɗore ba. A 2021 aka katse layukan waya a Batsari da Safana da wasu ƙananan hukumomi, aka rufe kasuwannin dabbobi. Mutanen ƙauye suka kwararo cikin Batsari da Dutsin-Ma da birnin Katsina, garuruwa suka sake zama tsibirai kamar yadda Barth ya tarar da su.

Darasin da ke cikin wannan tarihi mai nauyi ne. Bayan rushewar 1840 da wani abu, sai da aka yi kusan shekara sittin kafin garma ta koma waɗancan kufai, kuma da yawa daga garuruwan ko sunansu bai dawo ba. Abin da ya dawo da mutane a wancan karo shi ne hanya ta yi lafiya, kasuwa ta ci, manomi da makiyayi kowa ya san iyakarsa. Duk wani sulhu ko shirin tsaro da za a kawo mana yanzu, da wannan ma'auni ya kamata mu auna shi: shin mai rogo daga Wagini zai kai kayansa Batsari ranar Alhamis ya koma gida kafin magariba? Kowace damina da ta wuce ba a yi shuka a wani ƙauye ba, dajin ya ƙara taku ɗaya zuwa gabas.