Rundunonin jaruman zane na ƙarni na 30: asalinsu, dokokinsu da yadda suka iso Duwala

Rundunonin jarumai na zamani mai nisa wani reshe ne na littattafan labari cikin zane, waɗanda masu jin Faransanci ke kira bande dessinée, ko BD a taƙaice. A irin wannan labari marubuci kan tsallake shekara dubu ko fiye, ya kai mai karatu zamanin da ɗan Adam ya bazu cikin taurari. Daga nan sai ya tara matasa daga duniyoyi daban-daban, kowa da irin baiwarsa, su zama runduna guda mai tsaron jama'a. Ƙagaggen labari ne, babu duba a cikinsa, babu da'awar sanin gaibu. Amurka ce mahaifarsa, amma ta hannun mawallafan Faransa ya isa Kamaru da Nijar da Cadi da sauran ƙasashe rainon Faransa.

Duk wanda ya ratsa Marché Congo a Duwala cikin watan Satumba, lokacin komawa makaranta, zai ga fuskokin jaruman Amurka a jikin jakunkuna da rigunan yara. Galibinsu irin su Spider-Man ne da Batman, waɗanda labarinsu ke faruwa a zamaninmu. Rundunonin ƙarni na 30 ba su kai waɗannan suna ba, sai dai suna ɗauke da tambayar da ta shafi duk al'ummar da ke zaman tsiraru a ƙasar da ta zama gida gare ta: idan aka zana duniyar gobe, wa ake sakawa a ciki, kuma da wane harshe yake magana?

Mafarin abin

Runduna ta farko da ta yi fice ita ce Legion of Super-Heroes, wadda Faransawa ke kira La Légion des Super-Héros. Ta fara bayyana a mujallar Adventure Comics lamba 247, fitowar Afrilun 1958, ta kamfanin da aka sani yau da DC Comics. Otto Binder ne ya rubuta labarin, Al Plastino ya zana. A cikinsa wasu matasa uku suka taso daga ƙarni na 30, suka dawo baya zuwa ƙarni na 20 don su gayyaci Superboy, wato Superman yana yaro, ya shiga ƙungiyarsu. Cosmic Boy na sarrafa ƙarfe da ƙarfin maganaɗisu, Saturn Girl na karanta abin da ke zuciyar mutum, Lightning Lad kuma walƙiya yake harbawa daga hannunsa.

An yi labarin ne don fitowa guda, amma masu karatu suka yi ta aiko da wasiƙu, har rundunar ta samu filinta na dindindin a mujallar daga 1962. Daga baya aka ba da asalinta: matasan uku sun ceci wani hamshaƙin attajiri mai suna R. J. Brande daga hannun makasa, shi kuma ya ɗauki nauyin kafa ƙungiyar. Mambobinta suka yi ta ƙaruwa har suka haura ashirin.

Dokokin runduna

Abin da ya bambanta Legion da sauran ƙungiyoyin jarumai shi ne tsari. Tana da kundin dokoki kamar kowace ƙungiya mai rajista. Mai neman shiga sai ya zo gwaji, ya nuna baiwar da ke jikinsa, wadda ba ta na'ura ba ce, kuma ba irin ta wani mamba ba. Shekarunsa kada su kai 18 a ranar shiga. A farkon zamanin, wanda ya yi aure sai ya ajiye aiki. An hana kisa. Shugabanci kuwa da zaɓe ake yin sa, har ta kai mawallafan sun riƙa barin masu karatu su aiko da ƙuri'unsu ta gidan waya. Waɗanda suka faɗi gwaji ma ba su watse ba: a 1963 aka ƙirƙiro musu tasu ƙungiyar ta 'yan ko-ta-kwana, Legion of Substitute Heroes.

Rundunar na aiki ne a ƙarƙashin wata tarayyar duniyoyi mai kama da Majalisar Ɗinkin Duniya. Kowane mamba na da zoben da ke ba shi ikon tashi sama. Tun da kowa da harshen garinsu, sai aka yi musu harshen gama-gari mai suna Interlac, wanda masu zane suka ƙirƙiro wa haruffa, suna rubuta shi a allunan tituna da bangon gidaje. Mai ciniki a Marché Congo ba zai ga baƙon abu a nan ba. A rana guda yakan yi ciniki da Faransanci da Pidgin da Fulatanci da Hausa, gwargwadon wanda ya tsaya a gabansa.

Sauran rundunoni

Kamfanin Marvel ya fito da tasa a Janairun 1969, a mujallar Marvel Super-Heroes lamba 18: Guardians of the Galaxy, ko Les Gardiens de la Galaxie, aikin Arnold Drake da Gene Colan. Labarin na ƙarni na 31 ne, bayan wasu halittu da ake kira Badoon sun mamaye duniya. Mutum huɗu suka haɗu don yaƙar mamayar: Vance Astro, ɗan sama jannatin ƙarni na 20 da ya yi barcin shekara dubu, da Charlie-27 daga Jupiter, da Martinex daga Pluto, da maharbi Yondu. Fim ɗin 2014 mai wannan suna ya ɗauko wata sabuwar tawaga ce da aka haɗa a 2008, kuma labarinsa na zamaninmu ne, don haka masu kallo da yawa ba su san ta asalin ba.

A Faransa, mujallar Pilote ta fara buga Valérian a 1967, rubutun Pierre Christin da zanen Jean-Claude Mézières. Valérian da abokiyar aikinsa Laureline jami'an tsaro ne na ƙarni na 28, ba su da wata baiwa ta ban mamaki, amma duniyarsu cike take da baƙin halittu da kasuwanni da rikicin mulkin mallaka. Wanda ya fi kowa nisan tsalle shi ne DC One Million na Grant Morrison a 1998, da ya kai labari ƙarni na 853. An zaɓi lokacin ne ta lissafi: idan mujallar Action Comics ta ci gaba da fitowa kowane wata tun 1938, a wannan ƙarni za ta kai lamba miliyan ɗaya.

Ina Afirka a ƙarni na 30?

Shekara 18 Legion ta yi tana da mamba mai koren fata da mai shuɗiya da mai ruwan lemo, ba ta da baƙar fata ko ɗaya. Jim Shooter, wanda ya fara rubuta mata labari a 1966 yana ɗan shekara 14, ya bayyana daga baya cewa ya so jarumin nan Ferro Lad mai rufaffiyar fuska ya zama baƙar fata, amma editansa ya ƙi, don tsoron rasa kasuwa a kudancin Amurka.

Sai a 1976 aka shigo da Tyroc, kuma yadda aka shigo da shi ya jawo suka. An nuna cewa shi da mutanensa baƙar fata suna zaune a ware a wani tsibiri mai suna Marzal, wai dalilin da ya sa ba a taɓa ganinsu ba ke nan. Mike Grell, wanda ya zana shi, ya fito fili daga baya ya soki wannan dabara. A 1982 Paul Levitz da Keith Giffen suka kawo wani sabon Invisible Kid, matashi mai jin Faransanci daga Kwaddibuwa, wanda ke iya ɓacewa daga gani. Sunansa Jacques Foccart. Duk wanda ya san tarihin ƙasashe rainon Faransa zai yi turus da jin sunan, domin daidai yake da na mutumin da ya riƙe harkokin Afirka a fadar shugaban Faransa daga 1960 zuwa 1974, zamanin De Gaulle da Pompidou, wanda ake dangantawa da siyasar Françafrique ta bayan fage. A labaran farkon shekarun 1990 wannan jarumi ya jagoranci gwagwarmaya da 'yan mamaya, har ya zama shugaban duniya. Da aka sake gina rundunar a 2019, an zana Lightning Lad, ɗaya daga cikin ukun farko, a matsayin baƙar fata.

Hanyar zuwa Duwala

Kamfanin Lug na birnin Lyon ya fara fitar da mujallar Strange a 1970, yana fassara jaruman Marvel zuwa Faransanci, Arédit kuma ya fassara da dama daga cikin na DC. Waɗannan, tare da ƙananan littattafan aljihu irin su Zembla da Akim da Blek, sun yi yawo hannu da hannu a biranen Afirka. Mujallar Kouakou, da aka riƙa bugawa daga 1966 zuwa 1998 don yaran Afirka, ita ma ta koya wa ɗalibai da yawa karatun labari cikin zane. Babbar ƙofarsu ita ce masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi, abin da ake kira librairie du poteau a Kamaru, a Yamai da Maraɗi kuma librairie par terre. Yaro kan sayi ɗaya, ya karanta, ya yi musaya da abokinsa, har littafin ya rasa bango. Yanzu wayar hannu ta karɓe yawancin wannan aiki.

Unguwar New Bell da littattafan suka tarar tana da nata tarihin tara baƙi. Jamusawa ne suka shata ta gab da Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da suka ƙwace filayen 'yan ƙabilar Duala na bakin kogin Wuri, rikicin da ya ƙare da rataye sarki Rudolf Duala Manga Bell ranar 8 ga Agustan 1914. A zamanin Faransawa unguwar ta zama masaukin masu zuwa daga nesa: Hausawa da Bamileke da Bassa da Beti da wasunsu, kowa da ɓangarensa da mai unguwarsa. Labarin Tyroc da tsibirinsa na ware, da na rundunar da baƙi suka gina tare, duk ba su yi wa mazaunin irin wannan wuri nisa ba.

Masu zanen Kamaru

Tun 2010 ƙungiyar masu zane ta Collectif A3 ke shirya bikin Mboa BD a Yawunde da Duwala, inda matasa ke baje ayyukansu, suna koyon sana'ar. Kamfanin Zebra Comics, da Ejob Nathanael Ejob ya kafa a 2016, a Duwala yake, yana kuma fitar da labaransa ta manhajar waya. Daga cikinsu akwai Anaki, labarin wata budurwa mai sihiri da ake farauta a wata Afirka ta gaba. A 2024 marubuci da mai zane daga wannan kamfani suka wakilci Kamaru a littafin Joker: The World na DC, wanda ya haɗa ƙasashe 13. Reine Dibussi ta fitar da kashin farko na Mulatako a 2017, labarin kimiyya da ta gina a kan miengu, aljanun ruwa na al'adar mutanen Sawa na gaɓar teku.

A ɓangaren katun, Supa Team 4 da Netflix ta fara nunawa a Yulin 2023 labarin 'yan mata huɗu ne masu ceton birnin Lusaka na gaba. 'Yar Zambiya Malenga Mulendema ce ta ƙirƙiro shi, ɗan Kamaru Malcolm Wope ya tsara siffofin jaruman. Iwájú na kamfanin Kugali da Disney, a 2024, ya yi wa Legas irin wannan hasashe.

Rabon Hausa

Hausa ta taɓa leƙawa cikin littattafan Amurka. A jerin Black Panther da Christopher Priest ya fara a 1998, dogarai mata na sarkin Wakanda, Dora Milaje, da sarki kaɗai suke magana, kuma da Hausa. Fim ɗin 2018 ya ɗauki harshen Xhosa na Afirka ta Kudu a maimako.

A gida kuwa, rubutun Hausa bai makara ba wajen zuwa sararin sama. A 1969, shekarar da Guardians suka fito, kuma shekarar da Amurkawa suka sauka a wata, kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin yaro Kilba da wani baƙo daga sama, Kolin Koliyo, ya ɗauka yawo cikin taurari. Tatsuniyoyin samari uku masu baiwa daban-daban, da suka haɗa ƙarfi suka ceci 'yar sarki har aka rasa wanda ya fi cancanta, su ma ginin runduna ne tun kafin a zana ta. Kayan aikin na nan ga duk mai alƙalami a New Bell ko Briqueterie ko Zangon Kumasi.

Ga mai son farawa, ya sani cewa an rushe tarihin Legion an sake gini a 1994 da 2004 da 2019, don haka suna ɗaya kan zo da labari iri-iri. Masu sharhi da yawa na ɗaukar The Great Darkness Saga na 1982, aikin Levitz da Giffen, a matsayin ƙololuwarta. A Faransanci, Urban Comics ke buga littattafan DC tun 2012, Panini kuma na buga na Marvel.