Agogon bangon masallaci: daga ina lokacin nan ya fito?

1/ Kusan duk masallacin da na shiga a Rigachikun yanzu akwai ɗan allon nan mai jan rubutu da ke nuna ƙarfe nawa, kwanan watan Hijira da na Miladiyya. Bari in ba ku tarihin lambobin da ke kansa.

2/ Kakanninmu da inuwa suke gane azahar, kowane gari da ranarsa. Jirgin ƙasa ne ba ya son haka. Layin dogo daga Baro ya isa Kano a 1911, shi ne ya ratsa ta nan garinmu. Jirage biyu a layi ɗaya, in agogon tashoshi ya saɓa, ai sai karo.

3/ Turawan ma sun daɗe suna canje-canje. A 1905 Legas ta bi lokacin Greenwich na Ingila, a 1908 ta koma nata. A 1914, shekarar da aka haɗe Arewa da Kudu, aka ɗora minti 30 kan Greenwich. Ranar 1 ga Satumba 1919 aka mai da shi awa ɗaya cur. Shi muke kai har yau.

4/ Ga abin da ya fi burge ni. Awa ɗayan nan lokacin layin digiri 15 gabas ne, wanda ya bi ta wajen Njamena a Chadi. Kaduna tana kusan digiri 7 da rabi. Kowane digiri minti 4 ne, to ku lissafa: rabin awa. Shi ya sa rana ba ta tsayuwa tsaka a nan sai wajen 12:30. A da, 30 ɗin nan ta 1914 ta fi dacewa da mu wallahi.

5/ Allon kansa ba rana yake kallo ba. Ɗan dutsen kwatz ne a ciki, yana kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa. Seiko ne ya fara sayar da agogon hannu mai kwatz a 1969. Ƙaramin batir kamar kwabo ke riƙe ƙidayar in an ɗauke wuta.

6/ Amma lokutan salla sai an saita masa gari. Tsakanin Maiduguri da Sakkwato kusan rabin awa ne a shan ruwa. Allon da aka saita da Maiduguri, in aka rataye shi a nan, mutane za su buɗe baki wajen minti 20 kafin rana ta faɗi. Kwanan Hijira kuwa lissafi yake bi, don haka in Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata, wani lokacin sai ladan ya gyara da hannu.